Daga Buhun Gyaɗa Zuwa Bashin NELFUND: Wa Ke Biyan Kuɗin Jami'a a Nguru da Gashuwa?



Duk lokacin da jami'o'i suka buɗe rajista, magana ɗaya ce ke yawo a majalisu daga Nguru har Gashuwa: kuɗin makaranta ya fi ƙarfin talaka. Dattawa su ce a zamaninsu kyauta aka yi karatu, har da abinci. Matasa su ce ko an sha wuya an gama, aikin babu, kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Kowane ɓangare da gaskiyarsa. Amma tunda waiwaye adon tafiya ne, bari mu koma baya mu ga yadda aka faro. Duk wanda ya bi tarihin a tsanake zai tarar da abu guda: karatun jami'a bai taɓa zama kyauta ba a ƙasar nan. Banza ba ta kai zomo kasuwa. A kowane zamani akwai wanda ya biya, sai dai sau da yawa ba shi ne ya zauna a aji ba.

ZAMANIN GYAƊA

A shekarar 1930 layin dogo da ya taso daga Kano, ya bi ta Ringim da Malam Madori, ya iso Nguru ya tsaya. Daga nan Nguru ta zama ƙarshen layi, kuma babbar matattarar kaya. Gyaɗa da ƙaro da fatu da ƙiraga da shanu da busasshen nama da bandar kifi, daga ƙasar Bade da Machina har da tsallaken iyaka, duk nan ake tara su a ɗora wa jirgi.

A 1949 Turawan mulkin mallaka suka kafa hukumar cinikin gyaɗa, a 1954 kuma aka mayar da harkar hannun hukumar ciniki ta Jihar Arewa. Yadda tsarin yake shi ne, hukuma ce ke yanke farashi tun farkon kaka. Dillalai masu lasisi su saya a hannun manomi a kan wannan farashi, hukuma ta sayar a Turai da tsada, rarar da ke tsakani ta zauna a asusunta. Ban da wannan ga kuɗin fito da gwamnati ke karɓa a kan kowane buhu, ga haraji da jangali da En'e ke tarawa a hannun magidanta da makiyaya.

Da irin wannan kuɗi na gyaɗa da auduga da fatu gwamnatin Sardauna, Sir Ahmadu Bello, ta riƙa gudanar da ayyukanta. A cikinsu har da buɗe Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya a watan Oktoba na 1962, da biya wa 'yan Arewa kuɗin ƙaro ilimi a gida da Ingila. A lokacin gwamnati na neman ma'aikata 'yan Arewa ido rufe, don su maye gurbin Turawa da 'yan Kudu a ofisoshi. Saboda haka wanda ya samu shiga jami'a, an ɗauke masa komai, kuma aiki na jiransa tun kafin ya ajiye alƙalami.

To amma su nawa ne suka samu shiga daga wannan yanki? Ƙalilan ne ƙwarai. Nguru da Bade duka suna cikin Lardin Borno. Yaro sai ya gama elementare a gida, ya ci jarrabawa ya tafi midil, daga can in yana da rabo ya wuce sakandare ko kwalejin horon malamai, sannan a fara zancen jami'a. A kowane mataki ana zubar da da yawa. 'Ya'ya mata kuwa ba a ma cika sa su a lissafi ba. Ke nan manomin da ya kai buhunsa kan sikeli a Nguru, da Bafulatanin da ya biya jangali, da masuncin da ya yi bandar kifi a bakin Komadugu, su ne suka fara biyan kuɗin jami'a a Arewa. Ba a tambaye su ba, ba a ba su rasit ba, kuma mafi yawansu har suka koma ga Allah ba su ga ɗansu da digiri ba.

ZAMANIN MAN FETUR

A 1967 aka rushe jihohi huɗu na da, muka faɗa Jihar Arewa maso Gabas mai hedikwata a Maiduguri, a 1976 kuma muka koma Jihar Borno. A tsakanin nan abubuwa biyu suka faru da suka sauya mai biyan kuɗi. Na farko, farin da aka yi daga 1972 zuwa 1974, da cutar da ta afka wa gyaɗa a 1975, suka karya noman gyaɗa, dalar Kano ta ɓace. Na biyu, farashin ɗanyen mai ya yi tashin gwauron zabi a kasuwar duniya daga ƙarshen 1973, kuɗi suka cika baitulmalin gwamnatin tarayya.

A 1975 gwamnatin tarayya ta karɓe jami'o'in jihohi, ciki har da ta Zariya, ta kuma kafa sabbin jami'o'i da kwalejojin jami'a guda bakwai. Jami'ar Maiduguri na cikinsu, haka ma kwalejin Kano wadda ta zama cikakkiyar Jami'ar Bayero a 1977. Jami'ar Maiduguri ce ta zama ƙofar da mafi yawan 'yan wannan yanki suka bi. Gwamnatin Janar Obasanjo ta fara shirin firamare kyauta a 1976, ta kuma soke kuɗin koyarwa a jami'o'in tarayya. Ɗalibi na cin abinci sau uku a ɗakin cin abinci na makaranta da tikiti mai rahusa, ga kuɗin tallafi daga jiha. Wannan ita ce kyautar da dattawanmu ke tunawa, kuma gaskiya suka faɗa. Sai dai rijiyoyin man Neja Delta ne ke biya.

Daɗin bai daɗe ba. A watan Afrilu na 1978 aka ƙara kwabo 50 a kan kuɗin abincin ɗalibi na yini, daga naira 1 da kwabo 50 zuwa naira 2, aka kuma ƙara kuɗin ɗakin kwana. Ɗalibai a faɗin ƙasa suka fito zanga-zangar da aka fi sani da Ali Must Go, suna neman a sauke kwamishinan ilimi na tarayya, Kanar Ahmadu Ali. An rasa rayukan ɗalibai a Legas da Zariya. Yau kwabo 50 abin dariya ne, amma tun daga ranar aka fara jayayyar da har gobe ba ta ƙare ba: nawa ne rabon gwamnati, nawa ne rabon iyaye? A wannan shekarar ce kuma aka kafa hukumar JAMB da ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU.

LOKACIN DA NAUYI YA DAWO KAN IYAYE

A farkon shekarun 1980 farashin mai ya faɗi. Gwamnatin Shagari ta shiga tsuke bakin aljihu a 1982, bayanta kuma sojoji suka janye tallafin abincin ɗalibai. A 1986 Janar Babangida ya kawo shirin SAP, aka karya darajar naira. Littattafai da kayan ɗakin gwaje-gwaje, waɗanda akasari daga waje ake sayo su, suka gagara. Albashin malami ya daina kai shi ƙarshen wata, ƙwararru da dama suka tattara suka bar ƙasar. Ɗalibi ya koma dafa wa kansa a risho, buhun gero da jarkar man gyaɗa suka fara bin mota daga gida zuwa makaranta.

A cikin wannan hali ne ASUU, ƙarƙashin jagorancin Attahiru Jega, ta yi yajin aikin 1992 wanda ya kai ga yarjejeniya da gwamnati. Daga wannan yarjejeniya aka samu dokar harajin ilimi ta 1993, wadda ta wajabta wa kamfanoni biyan kashi 2 cikin 100 na ribarsu don ilimi. A 2011 aka mayar da asusun ya zama TETFund, aka keɓe shi ga manyan makarantun gwamnati kawai. Daga baya an ɗaga harajin zuwa kashi 2.5, sannan kashi 3 a 2023. Duk wanda ya shiga jami'a ko kwalejin ilimi ta gwamnati a yau, ya duba jikin manyan gine-gine, zai ga sunan wannan asusu. Haka kuma malamai da yawa da shi suka yi digiri na biyu da na uku. Wato an sami sabon mai biya: kamfanoni, waɗanda su ma a kan mai sayen kayansu suke fanshewa.

JAMI'A TA ISO GIDA

Ranar 27 ga Agusta 1991 aka ƙirƙiro Jihar Yobe. Shekara 15 jihar ta yi ba ta da jami'a, sai a 2006 Gwamna Bukar Abba Ibrahim ya kafa jami'ar jiha a Damaturu. Kafin nan, kuma har yanzu, makarantun da suka riƙe Yobe ta Arewa su ne Kwalejin Ilimi ta Umar Suleiman da ke Gashuwa, da kwalejin shari'a da ilimin addinin Musulunci ta Nguru, da kwalejin kiwon lafiya ta Nguru. Malaman firamare da ma'aikatan asibiti da na kotu da ke aiki a ƙauyukanmu, da yawansu daga nan suka fito. Wanda ya raina su bai san tarihi ba.

A 2011 Shugaba Goodluck Jonathan ya kafa sabbin jami'o'in tarayya tara, ciki har da na Dutse da Kashere da Dutsin-ma. A 2013 ya ƙara uku don kowace jiha ta samu: Gusau, Birnin Kebbi da Gashuwa. Mu tuna wace irin shekara ce 2013 a Yobe. A watan Mayu aka sa dokar ta-ɓaci. A watan Yuli aka kashe ɗalibai a Mamudo, a Satumba aka kashe na kwalejin aikin gona ta Gujba, a Fabrairun 2014 kuma na Buni Yadi. Allah ya jiƙansu. A daidai lokacin da wasu ke kashe yara don sun je makaranta, a lokacin aka kafa jami'a a Gashuwa. Iyayen da suka ci gaba da tura 'ya'yansu makaranta a waɗannan shekaru sun biya wani farashi da ba a lissafa shi da naira.

Zuwan jami'ar ya rage wa iyaye nauyi ta fuskoki da dama. Yaro daga Bade, Jakusko, Karasuwa, Machina, Nguru ko Yusufari yana iya karatu kusa da gida. Kuɗin mota ya ragu, abinci na iya zuwa daga rumbu, uban da ke ɗari-ɗarin tura 'yarsa Maiduguri ko Zariya ya samu natsuwa. Sannan tsarin ɗaukar ɗalibai a jami'o'in tarayya ya ware kashi 45 cikin 100 ga cancanta, kashi 35 ga jihohin da ke kewaye da jami'a, kashi 20 ga jihohin da aka bari a baya a ilimin boko, kuma Yobe na cikinsu. Gurbin yana nan. In ba mu cike shi ba, wasu za su cike.

HALIN DA AKE CIKI YAU

A takarda, har yau jami'ar tarayya ba ta karɓar kuɗin koyarwa. Gwamnati ce ke biyan albashi, TETFund na yin gine-gine. Amma wutar lantarki da man janareta da ruwa da tsaro da shara da kayan jarrabawa, kuɗin da gwamnati ke bayarwa dominsu bai taka kara ya karya ba. Tun daga 2016 kason ilimi a kasafin kuɗin tarayya bai kai kashi 10 cikin 100 ba. Giɓin da ya rage shi jami'o'i ke ɗora wa ɗalibi da sunan kuɗin rajista. A 2023 jami'o'in tarayya da dama, har da ta Maiduguri da ta Bayero, suka ƙara kuɗin rajista sosai. A ranar 29 ga Mayun wannan shekara aka cire tallafin man fetur, kuɗin mota da na abinci suka bi sahu.

Kuma kuɗin rajista ba shi ne duka ba. Akwai fom ɗin JAMB, da tantancewar jami'a, da kuɗin karɓar gurbi, da hayar ɗaki, da abinci, da takardun darasi, da datar waya, da kuɗin bincike a ajin ƙarshe. Akwai kuma asarar yajin aiki. A 2020 an rufe jami'o'i kusan wata tara, a 2022 wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Uba ya biya hayar ɗakin da ba a kwana a ciki ba, digirin shekara huɗu ya koma biyar ko shida, yarinya ta gaji da jira aka yi mata aure, karatun ya tsaya. Ma'aikacin da ke kan mafi ƙarancin albashi, wanda aka mayar naira 70,000 a 2024, in yana da yara biyu a jami'a, kowa ya san lissafin ba zai fita ba.

Amsar da gwamnatin Shugaba Tinubu ta kawo ita ce bashin karatu. An sa hannu a dokar a 2023, aka sake ta a watan Afrilun 2024, asusun NELFUND ya fara karɓar masu nema a watan Mayu. Asusun na biyan kuɗin rajista kai tsaye ga makarantar gwamnati, yana kuma ba ɗalibi naira 20,000 a wata in ya nema. Babu kuɗin ruwa a kai, abin da ya kwantar wa iyaye da yawa hankali. Ana fara biya shekara biyu bayan bautar ƙasa, ta hanyar cire kashi 10 cikin 100 na albashi. Amma bashi bashi ne. An taɓa kafa hukumar ba ɗalibai rance a 1972, ta durƙushe, kuma rashin dawo da kuɗin na cikin manyan dalilai. Ku duba yadda abin ya zagayo: daga manomin gyaɗa zuwa rijiyar mai, daga rijiyar mai zuwa aljihun uba, yanzu kuma zuwa wuyan ɗalibin kansa.

TO, KWALLIYA NA BIYAN KUƊIN SABULU?

In ana nufin takardar digiri ta zama tikitin aikin ofis da rancen mota kamar a shekarun 1970, wannan zamani ya wuce, kuma yaudara ce a ce wa yaro yana nan. In kiɗa ya sauya, dole rawa ta sauya. Amma mu dubi abin da ilimin ya yi wa yankin nan.

Sanata Ahmad Lawan, ɗan Gashuwa, ya karanci ilimin ƙasa a Jami'ar Maiduguri, ya koyar a can, ya yi digirin digirgir a Ingila, ya zama shugaban majalisar dattawa daga 2019 zuwa 2023. Ko kana tare da shi a siyasa ko ba ka tare da shi, ta ƙofar jami'a ya bi. Mahmoud Bukar Maina, ɗan Nguru, daga Jami'ar Maiduguri ya wuce Jami'ar Sussex ta Ingila ya zama masanin ƙwaƙwalwa, ya kuma dawo ya jagoranci kafa cibiyar binciken lafiya ta BioRTC a jami'ar jiha da ke Damaturu. A 2021 aka naɗa Farfesa Maimuna Waziri shugabar Jami'ar Tarayya ta Gashuwa, mace ta farko a wannan kujera. Duk yarinyar da ke firamare a Jajimaji ko Amshi ta samu abin nuni.

Sannan mu dubi matsalolin da ke ci mana tuwo a ƙwarya. Ciwon ƙoda ya daɗe yana ɗauke mana mutane a Gashuwa da kewaye, gidaje sun sayar da gonaki a kan wankin ƙoda. Gano musabbabinsa aikin masu bincike ne, masu auna ruwa da jini da abinci. Tun da aka gina madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, tafiyar ruwa a fadamar Haɗeja da Nguru ta sauya, ciyawar kacalla ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonaki da wuraren su, ta zama maɓoyar tsuntsayen jan-baki. Rairayi na binne gonaki a Yusufari da Machina. Cibiyar lafiya ta tarayya da ke Nguru na bukatar likitoci da za su zauna, makarantunmu na bukatar malaman lissafi da kimiyya. Ba wanda zai taso daga wata ƙasa ya zauna mana a kan waɗannan har abada. Darajar jami'a a wurinmu a nan za a auna ta: me ta warware mana, kuma su wa ta horar da za su tsaya a gida?

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Na farko, iyaye su yi lissafin shekara huɗu cif kafin yaro ya shiga, don kada a fara a tsaya a tsakiya. Tun ran gini ran zane. A zaɓi fannin karatu da shawarar waɗanda suka sani, a kuma haɗa wa yaro da sana'ar hannu. Wanda kwalejin ilimi ko ta lafiya ce daidai ƙarfinsa, ya shiga da alfahari, hanyar digiri na nan a gaba.

Na biyu, waɗanda suka iya kwamfuta su zauna da yaran ƙauye su taya su neman NELFUND, a tabbatar lambar JAMB da NIN da BVN sun dace da juna. A kuma gaya musu gaskiya cewa amana ce za su ɗauka, in ba su biya ba na bayansu ne za su rasa.

Na uku, yara da yawa ba a jami'a suke faɗuwa ba, a bakin ƙofa suke tsayawa: kuɗin fom, kuɗin karɓar gurbi, kuɗin motar zuwa tantancewa. Waɗannan ba su fi ƙarfin ƙungiyoyin gari da 'yan kasuwa da tsofaffin ɗalibai ba, in aka yi asusu mai rubutaccen lissafi da kowa zai iya gani. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Na huɗu, mu riƙa tambayar wakilanmu da gwamnatin jiha a kan tallafin karatu: nawa aka ware, yaushe aka biya, su wa suka samu? Mu kuma nemi jami'ar da ke garinmu ta riƙa fito da sakamakon bincikenta cikin harshen da manomi da masunci za su gane.

Na ƙarshe, kira ne ga yayyenmu da iyayenmu da suka yi karatu a zamanin tikitin abinci. Wani ne ya biya muku, kuma jikokinsa na nan a Dagona da Dumsai da Bulanguwa, wasunsu sun ci jarrabawa suna zaune a gida saboda 'yan dubbai. Kowa ya ci ladan kuturu, dole ya yi masa aski. Ɗaukar nauyin yaro ɗaya har ya gama ba alfarma ba ce, biyan tsohon bashi ne.

Allah ya jiƙan magabatanmu da suka yi noma wasu suka yi karatu. Allah ya buɗa wa iyaye, ya sa wa karatun 'ya'yanmu albarka, ya zaunar da yankinmu da ƙasarmu lafiya. Amin.

Sakataren Ƙungiya